Jaririnki ya zo hannu ɗaya baya motsi? Ga abin da za ki yi tun daga satin farko

Salamu alaikum 'yan uwana mata na nan Jidda da Makka da Madina. Yarona na uku yana da kwana biyu a duniya gwaggona ta lura, tana mishi wanka a baho ruwa ya ɗan taɓa mishi baya ya firgita, irin firgitar nan ta jarirai da suke watsa hannuwa biyu kaman za su rungumi mutum, sai hannun hagu ya tashi, na dama kuwa yana nan kwance a jikinshi kaman tsumma. Ta sake gwadawa, haka dai. Hannun a miƙe, ya juya ciki, tafin yana kallon baya, 'yan yatsun suna ɗan motsi amma damtsen shiru. Kafin la'asar gidan ya cika da shawara, wannan ta ce targaɗe ne a kira maɗori, wannan ta ce a gasa da ruwan zafi da man zaitun, wata tsohuwa ta ce shan inna ne a nemo rubutu. Ni kuwa ina zaune da ɗinki ina kuka ban san ta wa zan ɗauka ba. Yau shekararshi huɗu yana cin abinci da hannun, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na so a ce wata ta zaunar da ni ta faɗa min a wannan ranar.

Da farko ki san mene ne ya samu hannun, dan in kin gane shi babu mai ruɗa ki. Mu a Hausa komai jijiya muke ce mishi, ta jini jijiya, ta agara jijiya, amma wannan jijiyar da nake magana ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa nama ta ce mishi motsa. Guda biyar ne suke fitowa daga laka, huɗu daga ƙasan wuya ɗaya daga saman ƙirji, likitoci suna kiransu C5 da C6 da C7 da C8 da T1, sai su sarƙe da juna kaman kitso a tsakanin wuya da kafaɗa kafin su sauka hannu. Shi ya sa ma a mustashfa, wato asibiti, za ki ji daktora ta ce da Larabci addafira al'adudiyya, wato kitson damtse. Wajen haihuwa idan kai ya fito kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin marar uwa, wuya ya ja gefe ɗaya kafaɗa ta ja ɗaya gefen, kitson nan sai ya miƙe fiye da kima. In na sama biyu ne suka taɓu, C5 da C6, wani lokaci har da C7, shi ne ake cewa shalal Erb, wato shanyewar hannu ta Erb, Erb ɗin sunan wani likitan Jamus ne da ya yi bayaninshi a 1874, kuma shi ya fi yawa: kafaɗa da gwiwar hannu su mutu, yatsu suna aiki. In duka biyar ɗin ne toh hannun gaba ɗaya zai saki har yatsu. Ba abu ne baƙo ba, a cikin haihuwa dubu ana samun kaman ɗaya zuwa uku.

Kuma raunin hawa-hawa ne. Wata jijiyar jan ta kawai aka yi ta suma, cikin 'yan makonni ta farfaɗo. Wata zaren cikinta ya katse amma rigarta tana nan, wannan za ta sake tsirowa da kanta a hankali, kaman milimita ɗaya a rana, kinga kuwa daga wuya zuwa damtse tafiyar watanni ce. Wata ta tsinke biyu, wata kuma an tumɓuke ta daga tushenta a laka, waɗannan biyun ba sa haɗewa da kyau sai da aiki, wato tiyata, ta ƙarshen ma ba ta dawowa da kanta sam. A ranar farko duka kama ɗaya suke yi a ido, babu likitan da zai kalli jariri ɗan kwana biyu ya rantse miki wanne ne. Lokaci ne yake bambance su. Yawancin yara, kaman bakwai zuwa takwas cikin goma, suna warwarewa ba tare da wuƙa ta taɓa su ba, amma sauran biyu ko ukun nan fa su ne ake wa tsoron jinkiri, kuma ba ki san a wane layi naki yake ba.

Toh abu na farko, ki koma asibiti a satin nan, kar ki ce sai an yi suna, kar ki ce sai kin yi arba'in. Ki ce a duba shi a yi mishi ashi'a, hoton ƙashi, dan karayar ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda Larabawa ke cewa tarƙuwa, ita ma tana hana jariri ɗaga hannu dan zafi, kuma ita da sauƙi, cikin 'yan makonni take haɗewa da kanta. Wani lokacin ma duka biyun ne tare. Ki roƙi likitan ya rubuta miki taƙrir, wato rahoto, a sa nauyin yaron da yadda haihuwar ta kasance da wane motsi yake yi wanne baya yi, sannan ki nemi tahwil, wato takardar turawa, zuwa ilaj tabi'i, abin da a gida muke cewa gashin ƙashi ko fisiyo. Ni an sallame ni bayan kwana ɗaya, ashe an rubuta a takarda amma babu wanda ya buɗe baki ya min bayani, sai da maigidan ya koma da takardar ya tambaya. Dan Allah ki karanta takardar sallama, in ba ki iya ba ki ba wanda ya iya.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. In yaron yana numfashi da sauri ko da ƙyar, haƙarƙari yana lotsawa, leɓe yana canza launi, ki kira Hilal Ahmar, masu motar asibiti, a 997 ko ku ɗauke shi zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa, yanzun nan, dan jijiyar da ke motsa tantanin numfashi maƙwabciyar waɗannan ce a wuya, wani lokacin tare suke taɓuwa. In idon da ke ɓangaren hannun ya fi ɗayan ƙanƙanta, fatar idon ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar ya tsuke, ki nuna wa likita da yatsa, dan wannan yana nuna an tumɓuko jijiyar ƙasa daga tushe, irin yaran nan da wuri ake tura su wajen masu aiki. Haka in hannun duka ya saki ko yatsanki baya damƙewa. In kuma kafaɗar ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, kina taɓawa yana tsala ihu, wannan wata cutar ce daban ta shiga gaɓa ko ƙashi, ita ma ta gaggawa ce.

Yanzu maganar maɗori, kuma nan nake so in tsaya dan nan ne muke yin asara. Ban raina ɗori ba, sana'ar iyaye ce. Amma ɗori na ƙashi ne, wannan kuwa ƙashin lafiyarshi lau, babu abin da ya goce da za a ja a mayar. Jijiyar da ja ya raunata ita za a sake ja? Wallahi kar ki bari, ko uwar mijinki ce ta kawo shi har ɗaki, ki ba ta haƙuri cikin ladabi ki ce Hajiya likita ya hana, ko ki sa ɗanta ya faɗa mata. Haka ɗaure hannun tamau da kara ko bandeji na makonni, gaɓar sandarewa za ta yi. Haka tsaga da sakiya da ƙuna da ƙarfe da wasu ke yi a nan suna cewa kayy, babu ɗayansu da ke kai wa jijiyar da ke can cikin wuya, tabo da ƙwayar cuta kawai za a bar wa yaro. Gashi da ruwan zafi kuwa shi ya fi ba ni tsoro, saboda hannun nan wani ɓangarenshi baya jin zafi yadda ya kamata, za ki ƙona shi bai yi kuka ba sai kin ga bororo. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannunki. Addu'a da tofi kuwa ki yi ta yi dare da rana, ni ma na yi, zamzam na shafa mishi ban fasa ba, amma a tafi da su tare da asibiti.

Satin farko zuwa na biyu lallaɓawa ake yi. Kar a ɗaga shi ta hannu ko ta hammata, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗu ɗaya a ɗuwawu. Ranar suna da kowa ke karɓar jariri yana miƙa wa na kusa, ki sa ido, ni dai cewa na yi a gan shi a kan gado. Wajen sa riga hannun mai ciwo shi ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne na ƙarshe, kuma ki nemi riguna masu maɓalli a gaba ki huta da na zurawa ta ka. In kina ba shi nono ki ɗora hannun a kan ƙirjinshi kar ya yi ta lilo a baya ko ki danne shi a ƙarƙashinki. Goyo ma in lokacinshi ya yi, hannun ya shiga cikin zani a lanƙwashe ta gaba. Naɗin nan da ake wa jarirai a nan kaman alawa, kar ya wuni a ciki, hannun yana buƙatar sarari.

Daga nan sai motsa gaɓoɓi, yawanci bayan sati ɗaya ko biyu mai gashi, wato ma'aikaciyar fisiyo, za ta ce a fara, in akwai karaya sai ta haɗe. Ki bari ita ta fara nuna miki a jikin yaronki, ki ɗauka a waya, ki yi a gabanta ta gyara miki hannu. Amma ki fahimci dalilin, dan wadda ba ta san dalili ba sati uku take yi ta gaji. Motsin nan ba shi ke warkar da jijiya ba, jijiya da lokacinta take zuwa. Kaman mai gida ne ya tafi Najeriya ya bar miki mukulli, kina zuwa kullum kina buɗe ƙofofi da tagogi dan kar su cije da tsatsa, ranar da ya dawo ya tarar komai yana buɗuwa. In jijiya ta dawo ta tarar kafaɗa ta ƙage toh ko saƙon ya iso babu inda za a motsa.

Yadda aka koya min: ki kwantar da shi rigingine a kan katifa, ba yanzu ya sha nono ba, ba kuma yana jin yunwa ba, ki rage mukayyif, wato AC, dan jiki ya saki. Ni duk canjin famfas nake haɗawa da shi, ta haka ba na mantawa. Hannunki ɗaya ya dafe allon kafaɗarshi kar ya bi, ɗayan ya riƙe wajen gwiwar hannu ki ɗaga hannun a hankali ta gaba har ya kai kusa da kunne, ki ɗan tsaya, ki sauke. Sai ki buɗe shi ta gefe. Sai wanda ya fi kowanne muhimmanci, in ma za ki manta da sauran kar ki manta da wannan: ki manna gwiwoyin hannunshi biyu a haƙarƙarinshi a lanƙwashe, ki riƙe tsintsiyar hannuwan ki buɗe su waje a tare kaman kina buɗe littafi, har bayan hannun ya doshi katifa, gwiwar ba ta bar jikinshi ba. Yi da hannu biyun tare yana sa ki ga bambanci, ranar da kika ji mai ciwon ya fara tsayawa a hanya yana cijewa ki gaya wa mai gashi kar ki jira mau'idi na gaba, wato ranar da aka ba ki ku koma. Dalili kuwa naman da ke juya kafaɗa ciki ya fi ƙarfi, shi ke rinjaya, in an bar shi yana jan kan ƙashin damtse baya a hankali har kwarmin kafaɗar ya girma a karkace. Bayan shi sai lanƙwasa gwiwar hannu da miƙe ta, sai juya tafin ya kalli sama kaman mai addu'a, sai tsintsiyar hannu, sai buɗe yatsu ɗaya-ɗaya har babban. Mu an ce mana kowanne sau goma, naki adadin mai gashinku za ta faɗa. Ba a fizga, ba a dannawa da ƙarfi, inda ya tsaya nan kike tsayawa ki riƙe. Ki dinga mishi waƙa, ki shafa hannun da tawul da auduga da tafinki, ki kai mishi shi baki ya tsotsa, ki rataya abin wasa ta ɓangaren, dan jariri in hannu baya amsa mishi mantawa yake da shi kaman ba nashi ba. In ya ɗan yi ƙwari ki riƙa kifa shi a kan ciki yana farke kina wajen, barci kuwa a rigingine.

Toh sai ƙidayar watanni. Duk Juma'a ki ɗauki bidiyo na minti ɗaya, ba riga, kina jan hankalinshi da abu, dan idon uwa da ke ganinshi kullum baya gane canji, kuma likita zai fi yarda da bidiyo a kan "ina ganin kaman ya ɗan motsa". Abin da ake jira shi ne ƙwanji, wato ya lanƙwasa gwiwar hannu da kanshi ya ɗago hannun zuwa baki, ba a kwance kawai ba, har in kin tallafe shi a zaune. Yaron da ya fara haka cikin wata ɗaya ko biyu galibi yana warwarewa sarai. Wata uku shi ne ma'aunin da wani likitan Faransa, Alain Gilbert, ya shahara da shi: in an cika wata uku ƙwanji shiru, lokacin zama da likitan aikin jijiya ya yi. Wasu likitocin suna ƙara jira zuwa wata shida, a Toronto ta Kanada kuma suna da gwajin biskit a wata tara, a ba yaro biskit a hannun a ga ko zai kai baki ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sun saɓa a kan ranar aiki, amma ke abin da ya shafe ki shi ne kafin wata uku sunan yaronki ya riga ya shiga layin likitan, dan kin san yadda mau'idi yake a nan, ki nema yau a ba ki bayan wata biyu. Ki nemi likitan tiyatar hannu ko na ƙashin yara wanda ya saba da wannan ciwon musamman, ki tambaye shi kai tsaye ko yana yin aikin. Ƙasar nan akwai masana, Farfesa Muhammad Al-Qattan na Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad ya yi rubuce-rubucen bincike da yawa a kan wannan raunin. Nawa yana da wata biyu da rabi na ga damtsen ya ɗan harba kaman kifi a ruwa, a wata huɗu ya kai hannu baki, na yi sujada a tsakar ɗaki.

Me ya sa ake gaggawa? Naman da ya daɗe babu jijiya yana tsotsewa, in ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko an kawo mishi jijiya daga baya ba lallai ya karɓa ba, ga shi ita kanta jijiyar bayan aiki sai ta yi watanni tana tafiya kafin ta iso. Aikin kuwa ko dai su yanko wata siririyar jijiya daga bayan ƙafar yaron su yi gada da ita a inda ya tsinke, ko su karkato wata mai lafiya da ke kusa su jona. Kar kalmar amaliyya, wato tiyata, ta sa ki gudu. Akwai wata maƙwabciyarmu da aka yi ta ce mata zai warware zai warware, sai da yarinya ta shekara biyu suka je, aka ce lokacin aikin jijiya ya wuce. Ko a haka ba a rasa abin yi ba, akwai allurar Botox da ke sassauta naman da ya rinjaya, akwai sauya wa agara mazauni, akwai gyaran ƙashi in ta girma, an yi mata ta samu sauƙi sosai, amma uwar har yau tana cewa da ta sani.

Na san maganar kuɗi da takardu tana nan, wata tana da tamin, wato inshorar lafiya, wata ba ta da shi, wata ma iƙamar ce matsala, wato takardar izinin zama. Mai tamin ta bi muwafaƙar zaman gashi, wato amincewar kamfanin inshorar, da wuri dan tana ɗaukan lokaci. Wadda za ta biya daga aljihu, gara ki biya zama biyu ko uku ki koya da kyau, ki riƙa komawa lokaci-lokaci a auna, aikin gaskiya dama a ɗakinki ake yinshi ba a asibiti ba. Ki koya wa maigida da babbar 'yarki dan ranar da kika kwanta ciwo kar a tsallake. Layin 937 na ma'aikatar lafiya ma ana samun likita a yi tambaya.

Sai ke kanki. Na daɗe ina zargin kaina wai ban yi nishi da kyau ba, wannan ba gaskiya ba ne, abin yana samun yaran da ba su da girma, har da waɗanda aka ciro ta tiyata. Amma akwai abin da ke ƙara haɗari: yaro mai nauyi sama da kilo 4, ciwon suga na ciki, doguwar naƙuda, jawo yaro da na'ura, yaron da ya zo ta ɗuwawu, da wadda kafaɗa ta taɓa maƙale mata a baya. Nawa kilo 4.4 ne, kuma ban yi gwajin suga ba a cikin, ga shayi mai zaƙi da dabino da kabsa kullum. In kin sake samun ciki ki sha ruwan sugan nan na gwaji tsakanin sati 24 da 28, ki faɗa wa daktora tun zuwan farko cewa kafaɗa ta taɓa maƙalewa, in ta ce ƙaisariyya, wato a ciro yaron ta tiyata, ki saurare ta. Kuma irin wannan cikin ba na haihuwar gida ba ne komai gwanintar ungozoma. In kafaɗa ta maƙale abin da masu horo ke yi shi ne su naɗe cinyoyin uwa su kai su ciki sosai, wata ta danna daidai saman ƙashin mara, ba a danna saman ciki, ba a jan kai da ƙarfi.

Abu ɗaya da ban zata ba shi ne maganar dama da hagu. Nawa da ya fara koyon cin abinci hagu yake miƙawa, mutane su buge mishi hannu su ce ci da dama, sai na ga ya fara ɓoye hannun a bayanshi. Na hana, na ce yaron nan mai uzuri ne, a ƙarfafa mishi da wasa ba da tsawa ba. Sai na riƙa ba shi abin da dole sai da hannu biyu, babbar ƙwallo, kofi mai kunne biyu, tafi, wasan ruwa a baho, in riƙe hagun da wasa in miƙa mishi yankan ayaba ta dama. Har yanzu in ya ɗaga hannu yana kwaikwayon babanshi a kabbara gwiwar daman tana ɗan buɗewa waje fiye da ɗayar, shi ya sa ba mu daina zuwa a duba kafaɗar ba duk wata shida, buɗe littafin nan kuma muna yinshi kowane dare bayan isha'i, yanzu shi yake ƙirgawa da bakinshi.